Curin Sabulun Inna Zulai

Ranar da labari ya iske Inna Zulai a Yargalma cewa matar ɗanta ta sauka lafiya a Bukkuyum, an sami namiji, tana tsakiyar tuƙa sabulun salo ne. Ba ta yi guɗa ba, ba ta ma ɗaga kai ba. Cewa kawai ta yi, "To, madalla. Allah shi raya," ta ci gaba da juya muciya. Amma maƙwabta sun shaida cewa ranar tukunyar ta kusa ƙonewa, abin da ba a taɓa gani ba a shekarun da ta yi tana tace ruwan tokar karan gero tana dafa shi da man kaɗe.

Kada ku ce ba ta yi murna ba. Ɗan nata Namadi ɗan fari ne, ita kuwa Zulai irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekara ashirin da biyar ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta raine shi. Duk son da ta haɗiye tara shi take yi tana jiran jika, don jika ba a kunyarsa. Namiji ma mijin kaka ne, ta ɗauke shi, ta tsokane shi, ta ce bai kawo cefane ba, babu mai cewa uffan. Ga kuma babban abu: ranar suna, idan wanzami ya zo aski, ita za ta riƙe jaririn a cinyarta. Wannan zaman ta daɗe tana yin sa a zuci tun kafin a yi auren.

Washegari ta ɗaure gero da kanwa na kunun mai jego, ta naɗe curi uku na sabulunta a ganye, ta hau mota.

A ƙofar ɗakin mai jego ta iske abin da ba ta zata ba. An ajiye kujera 'yar tsugunno, a kanta buta da roba da wata jar kwalba mai famfo a ka. Jikin kwalbar an zana wasu ƙananan dodanni masu haƙora suna gudu. Kusa da kujerar kuwa ga angon ƙarni da kansa, Namadi ɗan kabu-kabu, ya jingine babur ya bar aiki, ya tsaya gadi.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon katanga. Sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Duk mai taɓa yaronga sai ya wanke hannu da wanga sabulu. Mai kashe ƙwayoyin cuta na. Na ji ga rediyo, kuma mai kyamis ya tabbatar mani."

Zulai ta dubi kwalbar, ta tuna curinta da ke cikin ƙunshi, ta haɗiye magana. Ba a jayayya da ɗan fari, ballantana a gidansa. Ta danna famfo, wani jan ruwa mai ƙamshin alewa ya zubo, ta wanke hannu ta shiga.

Nusaiba, mai jegon, tana shayar da jaririn. Zulai ta zauna a bakin gado tana leƙensa, tana cewa, "Kai, maigida, ka ci abincinka kai ɗai, ba ko tayi?" Tana jira ya ƙoshi a miƙo mata shi. Kafin ya saki nono sai ta ji bayan hannunta ya ɗau ƙaiƙayi. Ta sosa. Ya ƙaru. Kan ka ce kwabo hannuwan sun yi ja, 'yan ƙuraje sun feso har wuyan hannu. Hannun da ya saba da ruwan toka mai cin fata, yau ga shi ruwan alewa ya kayar da shi.

Namadi ya leƙo, ya gani, idonsa ya raina fata. "Inna, mi as sami hannunki? Don Allah ki dakata da ɗaukar shi har su warke."

To, kun ji tarkon da Zulai ta faɗa. In ta wanke da jan sabulu ƙuraje su tashi, a hana ta jariri. In ba ta wanke da shi ba, doka ta hana ta. Ta sake gwadawa a rana ta uku, ko jikinta zai saba, hannu ya ce bai san zancen ba. Daga nan ta koma bakin murhu. Ita ce dafa ruwan wanka, ita ce dama kunun kanwa, ita ce wankin tsummoki, amma mijin da ta zo dominsa sai dai ta hango shi a hannun wasu.

Wasun kuwa ba kowa ba ne illa Gwaggo Saudatu, ƙanwar mahaifin Nusaiba, wadda ta zo daga Gummi tun ranar haihuwa. Ita jan sabulu ya karɓe ta. Takan danna famfo sau ɗaya, ta murza tafi da tafi, ta ɗan yayyafa ruwa, ta goge a gefen zane, ta sunsuna hannu ta ce, "Kai, wanga abu da ƙamshi shike!" Sai ta sunkuci yaro ta fito tsakar gida tana yi masa rawa. Ba mugunta gare ta ba, baki ne dai da ita. Ita ce ma ta ce wa Zulai da zuciya ɗaya, "Yaya, in hannunki bai lahwa ba kahin suna, kar ki damu, ni ka riƙe shi ga wanzami."

Zulai ta ce, "Allah shi kai mu." Ta juya ta hura wutar da ke ci da kanta, har hayaƙi ya ba ta dalilin share ido.

Gaskiya ita ce ba ta iya jin haushin Namadi ba, don ta san inda tsoronsa ya samo asali. Yana ɗan shekara tara aka yi shekarar gubar dalma a Yargalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ƙurarsa ta bi ƙasa ta bi hannun yara ta shiga bakinsu. A shekarar ƙanwarsa Kulu ta tafi, tana tsakiyar koyon tafiya. Tun daga nan Namadi ya tsani duk abin da ido ba ya gani amma yake kisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ana gobe suna, da hantsi, bayan an ɗauke ruwan sama, sai ga Esther ta yi sallama. Ma'aikaciyar asibitin garin ce, ita ta karɓi haihuwar. Daga kudancin Kaduna ta zo aiki shekaru da yawa da suka wuce, ta zauna har kowa ya koma kiranta Maman Rejoice. Ta zo duba cibiyar jariri ne, takalminta duk laka.

Namadi ya taso da rawar jiki, ya ɗauko jar kwalba ya danna mata. Famfo ya yi tari, ya tofo kumfa ɗaya, ya yi shiru. Ya girgiza, ya kifa, ya buga gindinta. Babu.

Gwaggo Saudatu ta ce, "Au, ya ƙare? Ai da sahe na ɗan wanke kallabina da shi. Ƙamshin na ar ruɗe ni."

Namadi ya riƙe kai. Ya ce bari ya hau babur ya je kyamis yanzu-yanzu. Esther ta ce, "Angon ƙarni, ina da gida huɗu a gabana. Ba wani sabulu a gidan nan?" Tana waigawa ta hango baƙin curi a kan dutsen wanki, kusa da Zulai. "Yawwa! Inna, ara mini wannan."

Kafin Namadi ya buɗe baki ta ɗauka, ta jiƙa hannu, kumfa ta tashi fara sol. Ta cuɗa tafi, ta cuɗa baya, ta bi tsakanin yatsu, ta karce ƙarƙashin farce, ba gaggawa, sannan ta ce wa Zulai ta zuba mata ruwa daga buta.

"Maman Rejoice," in ji Namadi, "wanga hwa ba shi kashe komi. Toka ta da man kaɗe."

Esther ta yi dariya tana yarfe hannu. "Wa ya ce maka sai an kashe? Malam Namadi, in ka dawo da laka a tayar babur, kashe lakar kake yi ko wanke ta? Sabulu ɓamɓaro datti yake yi daga fata, da maiƙo da ƙwayoyin cutar gaba ɗaya, ruwa ya tafi da su. Kowane sabulu yana wannan aikin, in an ba shi lokaci. Mu a asibiti, in za a yi tiyata, akwai abin da muke wanke hannu da shi na daban. Cibiyar yaron nan ma akwai maganin da na ba ku, shi ku ci gaba da shafawa. Amma hannun gida, na ɗaukar yaro da cin tuwo, sabulu da ruwa mai tsabta sun isa. Ni da wanda ake wanki da shi nake wanke wa Rejoice hannu."

"To jan hwa?"

"Jan ma sabulu ne, ba laifi. Amma wanda ya shafa shi ya goge a zane, ƙamshi kawai ya ɗauka."

Gwaggo Saudatu ta ce tana jin kamar kunu na kamawa, ta yi wajen murhu.

Esther ta kama hannun Zulai ta jujjuya. Ta ce wannan ba cuta ba ce mai yaɗuwa, fatarta ce ba ta shiri da turaren da ke cikin jan, ta bar shi ta shafa man kaɗe. Sannan ta dubi Namadi, wanda har yanzu bai saki fuska ba, ta sassauta murya. "Ku 'yan Yargalma ne, ko? To ka tuna ƙurar nan. Ita ba rai gare ta ba, balle a kashe ta. Ba sabulun da ke kashe dalma. Wanke ta ake yi." Ta miƙa masa curin. "Hannunka ma duk baƙin mai ne. Wanke in gani."

Namadi ya karɓa don kunya. Ya tsuguna ya jiƙa hannu. Da warin toka da man kaɗe ya bugi hancinsa, sai hannuwan suka kama aiki da kansu. Yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin zuwa babban. Farce a tsakiyar tafi. Wuyan hannu, hagu da dama. Ya ɗauraye, ya sake komawa.

Esther ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ko ɗalibanmu ba su iya haka ba. Wa ya koya maka?"

Namadi ya dubi hannuwansa. Abin ya dawo masa gaba ɗaya. Shekarar nan, bayan an kai Kulu, kullum kafin a ci abinci Inna takan ja shi bayan rumbu inda ba mai gani, ta damƙe wuyan hannunsa, ta bi yatsunsa da wannan baƙin curi ɗaya bayan ɗaya, yana kuka yana cewa da zafi, ita ba ta ce masa komai. Shi a lokacin ya ɗauka faɗa ne. Sai yau, yana tsugune a tsakar gidansa, ya gane cewa a duk tasowarsa a nan ne kaɗai ta taɓa riƙe hannunsa, kuma ba ta saki da wuri.

Ya ɗaga kai ya dube ta. Ita ta ba katanga ido, kamar an ce mata a ƙirga tubalinta.

Namadi ya miƙe. Ya ajiye curin a kan kujera 'yar tsugunno, inda jar kwalba take a da. Ya ɗauki buta ya matso, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, bismilla." Ta wanke hannu yana zuba mata ruwa. Ya shiga ɗaki, ya karɓo jaririn daga hannun Nusaiba, wadda ke dariya a ɓoye cikin mayafi, ya fito da shi ya ɗora a cinyar uwarsa.

Zulai ta ji nauyinsa, ɗan kaɗan, mai ɗumi. Farin cikin da ta ji ya fi ƙarfin kunya, sai da ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Gwaggo Saudatu ta taya ta daga bakin murhu, tana cewa ita dama cinyarta ciwo take yi, gara Yaya ta riƙe shi gobe.

"Kai, maigida," in ji Zulai, tana shafa kansa, "kwana biyar kana gudun matarka, ko kunya! Gobe in wanzami ya zaka, nan za ka zamna, ka yi kukanka, ba ni sakinka." Ta buɗe ɗan hannun da ya dunƙule, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Muryarta ta yi ƙasa, amma ba ƙasan da Namadi, da ke durƙushe a gabanta, ba zai ji ba.

"Yatsun wancan ka ɗauko," ta ce. "Na san su sarai."