Lotsar da Mijinyawa Ya Hana a Gyara

Shekarun farko bayan samun mulkin kai, motocin Dakoro ba su kai a ƙirga su da hannu biyu ba, kuma ɗaya daga ciki kamiyon Mijinyawa ne. Tsohuwar mota ce, amma ita ke kai gujiya Maraɗi ta komo da gishiri, kuma ita ke ciyar da gidansa. Wata rana a hanyar Ɗan Gulbi saniya ta gitta masa. Ya kauce mata, ya rungumi gawo. Gaban motar ya lotse, injin ya mutu, shi kuwa ya tsira da targaɗe a hannu.

Da ma yana biyan asirans, wato inshorar mota, duk shekara, yana gunaguni. Sai ya tafi Maraɗi ya kai kukansa. A biron kamfanin, wato ofishinsu, aka ce za a haɗa shi da mai duba ɓarna, Harisu, wanda ake kira Mushe Harisu irin na Faransawa, aka kuma ja masa kunne cewa kada kowa ya taɓa motar sai an gani. Kamfani haɗari yake biya, ba tsufa ba. Mijinyawa bai aika gida da wannan gargaɗi ba. Wa zai taɓa mushen mota a daji?

Ai kuwa ya manta garin da ya fito. Da suka iso gindin gawon shi da Mushe Harisu, babu mota sai sawun shanu. A ƙofar gidansa suka same ta, an wanke ta tas. Mutanen unguwa sun yi mata gayya, sun jawo ta da bijimai. Cindo maƙeri ya yi kwanaki yana dukan gabanta har ya miƙe, an sa mata sabon katako, an ɗaura wata taya. Injin kaɗai ya gagare su. Ga su nan tsaye suna murmushi, suna jiran sannu.

Mushe Harisu ya zagaya ta, ya ce, "Malam Mijinyawa, ni ban ga haɗari ba. Tsohuwar mota na gani wadda ta gaji."

Mijinyawa ya yi saurin lissafi. In kamfani bai biya ba, injin ba zai tashi ba, in bai tashi ba kuwa gidansa ya zauna ke nan. Ya juya kan Cindo da faɗa.

"Wa ya sa ku? Mi kuka yi mani haka? Kun kashe ni da raina!"

Murmushin mutane ya ɗauke. Cindo ya tafi maƙera ya komo da babbar gudumarsa.

"In lotsa Mushe ke son gani, abu mai sauƙi," in ji shi. "Ni na miƙe ta, na san inda kowace take."

Ya ɗaga ya sauke a goshin motar, ƙarfen ya lotse. Da ya sake ɗagawa, sai Mijinyawa ya ga tafin hannunsa duk bororo, wasu sun fashe. Kunya ta rufe shi. Ya riƙe gudumar da hannunsa mai lafiya.

"Bari, Cindo. Ko sun hana ni, ba ka hwasa aikin ga. Mushe, tahi ka ce masu ta gaji."

Mushe Harisu bai tafi ba. Ya cire tabarau ya tambayi jama'a ina abubuwan da aka cire daga jikinta. Nan fa aka fara sunkuyar da kai, don a Dakoro ba a zubar da komai. Almu mai awon hatsi ya tuɓe takalmansa, sababbi ful, na tayar da ta fashe. Saratu, matar Cindo, ta kawo gutsuren madubin motar da ta riga ta kafa a ɗakinta, tana miƙawa tana hararar Mushe Harisu. Wani ya kwance karyayyen katako daga dangar awakinsa. Cindo ya jawo ƙarfen gaba da ya ajiye zai ƙera hauyoyi da shi, ɓawon gawo na maƙale a jikinsa har yanzu. Aka jera su a ƙasa gaban motar.

Mushe Harisu ya tsuguna ya duba kowanne, har takalman Almu, sannan ya miƙe yana dariya.

"Yanzu na ga haɗari," in ji shi. "Almu, sa takalmanka."

Kafin kaka ta ƙare kayan injin suka iso, kamiyon ya tashi. Mijinyawa ya bi gida-gida yana godiya, ya sayo wa Saratu madubi cikakke daga Maraɗi. A maƙera ne kaɗai bakinsa ya kasa. Ya zauna ya hura wa Cindo zuga-zugi har la'asar, hawaye na zubo masa, yana cewa hayaƙi ne.

Motar ta ƙara shekaru masu yawa a hanya da lotsar nan ɗaya a goshi. Duk makanikin da ya ce bari ya miƙe masa ita kyauta, sai Mijinyawa ya dafa wurin ya ce, "Bar ta. Wannan ta Cindo ce."