Ɗigo Uku a Ƙugun Malam

Dakta Jelani ya jera hotunan biyu a kwamfuta, ya sa bakin biro a inda ƙashin ƙugu ya kauce.

"Milimita tara, Na'ima. Kwana uku a jere."

Na'ima ta tsaya bayansa rungume da fayil. A aikinsu na gashin cutar daji, milimita uku ma abin magana ce. Tara na nufin hasken ya bar gefen ƙarin, ya sauka kan lafiyayyen hanji. Shi ya sa tsohon da ake wa gashin ke ta kukan gudawa tun jiya.

"Ko dai ya rame, ko layin hasken saiti ya goce," in ji likitan. "In na'ura ce, rufe ta za mu yi har injiniya ya zo. Mako guda ke nan."

Ta leƙa baranda. Mutum goma sha bakwai ne a kan benci, har da wata tsohuwa da aka ɗauko daga bayan Dundaye tun asuba. Na'ura ba ta da laifi, Na'ima ta sani.

Majinyacin shi ne Malam Abdulwahabu na Ƙofar Kware, malamin mahaifinta, wanda ya raɗa mata suna. Tun tana ƙarama ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ɗigon tawada uku aka yi masa, ɗaya a mara, biyu a ƙugu, kuma sai layin haske ya hau kansu daidai kafin a kunna. Gazali, abokin aikinta, shi ke kwantar da shi kullum. Ran Litinin matar Gazali ta haihu, aikin ya faɗo kanta. Ta kasa cewa Malam ya sassauta wando. Ta kawar da kai, ta daidaita layin da mazagin wandon, ta ce wa ranta ai nan ne.

"Dakta," ta ce. "Ban duba ɗigon ba."

Ya juyo. "Ba ki mi?"

"Ban duba ba. Kunyarsa na ji."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Da ma faɗa ya yi mata, da ya fi sauƙi.

"Zan sake lissafin kwanakin da suka rage, mu cike abin da ƙarin ya rasa. Hoto kullum kafin a kunna. Ki rubuta rahoto da hannunki. Kuma ke za ki gaya masa."

Ta tarar da Malam zaune a bakin gadon na'ura, ya naɗe rawaninsa ya ɗora a cinya. Ta durƙusa kamar a zauren gidansa.

"Baba Malam, ciwon cikin nan ni na jawo maka shi."

Ta faɗi komai, idonta a kan silifas ɗinsa. Ya saurara har ta kai aya.

"Ashe ba kunun matata Inno ba ne," ya ce. "Kwana biyu ina ɗora wa baiwar Allah laifi a gida."

Ta kasa dariya.

"Ɗiyata, ni ma na lura ba a yi yadda aka saba ba. Yaron nan Gazali har turo ni yake kamar buhun gero. Ke ko, ko kallo. Na so in yi magana, sai na ji nauyi." Ya shafa rawanin da ke cinyarsa. "Shekara arba'in ina karantar da mutane cewa babu kunya a wajen magani."

"In kira wani namiji daga wani sashe?"

"Ya san aikin?"

"A'a."

"To."

Ya kwanta a hankali, ya kwance mazagi da kansa. Sannan ya warware rawanin ya shimfiɗa a fuskarsa har haɓa.

"Na rufe nawa," muryarsa ta fito daga ƙarƙashin ƙyallen. "Ke buɗe naki."

Na'ima ta rage fitilar ɗakin. Koren layi ya bayyana a fatar tsohon, faɗin ɗan yatsa guda sama da ɗigon. Ta ɗora tafin hannunta a ƙugunsa, ta tura.