Sauran Miyar Kaka Firmin

Tun safe Maylis ta kasa zama wuri ɗaya. Ta kifar da kwandon burodi, ta taka wutsiyar kare, tana hura wutar ƙiraren inabi tana dariya ita kaɗai. Yau Lahadi, yau za a buɗe giyarta a teburin gida.

Ƙanƙara ta cinye musu rabin gonar inabi bara waccan, bara kuma sanyi ya ƙone tohon inabin merlot. Kawu Thibaut ya ce a kai abin da ya tsira ƙungiyar manoma, su juye a tankinsu, kowa ya huta. Maylis, wadda ta dawo daga makarantar haɗa giya ta Bordeaux, ta ce sam. Ta haɗa ɗan merlot ɗin da ya rage da inabin cabernet da malbec na tsofaffin kurangun bayan coci. Hunturu guda ta ƙare a ɗakin ganguna, yatsu a sandare, tana ɗanɗanawa tana tofarwa har haƙoranta suka rine.

Amma sunan gidan ba ya hawa kwalba sai Kaka Firmin ya yarda, kuma kowa ya san yadda yake yarda. In ya kusa shanye miya sai ya tsiyaya giyar a sauran, ya ɗaga kwano ya kurɓe.

Aka zuba. Kawu Thibaut ya shinshina, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Kai, 'yar nan! Wannan bauri haka? Harshena ya manne da dasashi. Jimar fata aka koya miki a makarantar?"

"Akwai ɗanɗanon 'ya'yan itacen baƙar ceri a ciki, Kawu, da barkono, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Hancinka ne ya yi ritaya."

"Ni tsohon takalmi na ji."

"To kai ka san ɗanɗanon takalmi."

Kaka ya sha miyarsa ta kabeji, ya rage kaɗan, ya dubi kwalbar, sannan ya ture kwanon gefe. Maylis ta ɗauka ya ƙi giyar ne, ta kai hannu za ta ɗauke kwanon, ya buge mata yatsu da cokali.

"Wa ya aike ki?"

Ta fice da gudu wajen wuta. Ai ta san halin giyarta. Tun can ta gwada ta da kifi, ta zama kamar ƙarfe a baki. Ta gwada da cuku mai laushi, suka yi faɗa. Maiƙo take so, da hayaƙi. Ta dawo da ƙirjin agwagwa yana ɗigar kitse, fatar ta yi ƙus-ƙus, ga dankali da tafarnuwa.

"Ku tauna tukuna, sannan ku kurɓa."

Kawu ya tauna, ya kurɓa. Baurin nan ya kwanta luf, cerin ta fito fili. Ya sake yanka, ya sake kurɓa.

"Yaya takalmin, Kawu?"

"Bar ni, ina bincike ne."

Dariya ta ƙwace mata har ta sarƙe. Kaka kuwa yana ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa. Da ya gama ya share gashin baki, ya jawo kwanon nan. Miyar ta huce, maiƙo ya daskare a kanta.

"Baba, ta yi sanyi fa," in ji Kawu.

"Kai za ka sha?"

Ya tsiyaya giyar, miya ta koma ja, ya kaɗa kwanon ya kafa kai. Ya dire shi babu ko ɗigo.

"Taurin kai gare ta, kamar mai ita," ya ce. "A buga sunan."

Maylis ta yi wani ihu har kare ya shige ƙarƙashin tebur. Ta sumbaci sanƙon Kaka, ta fizge kwalbar daga hannun Kawu, wanda ke ƙoƙarin ƙarawa a ɓoye.