Mansir da Ƙarfen da ke Kan Jaririya

Mansir ɗan gwangwan ne a unguwar Lamorde da ke Mubi. Kakansa ya zo Mubi daga Gusau da fataucin goro, shi kuwa tsofaffin ƙarafa yake saye. Yana da wani maganaɗisu mai faɗin faifai da ya ciro daga tsohuwar sifika, da shi yake bambance ƙarfe da alminiyam. Yakan ce mutum na iya yi masa ƙarya, amma ban da ƙarfe.

Cikin matarsa Khairat yana wata bakwai naƙuda ta taso. Ta haifi 'ya mace bakwaini, ko kilo ɗaya da rabi ba ta kai ba, aka sa ta a kwalba. Rana ta huɗu Likita Kwaji, wani dogon mutumin Michika, ya ɗora na'urar hoto a maɗigar jaririyar. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya kira iyayen ofishinsa.

Ya ce jijiyoyin kan bakwaini sirara ne, wata ta ɗan fashe, jini ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Zubar ta tsaya, amma jinin da ya kwanta yakan lalace a hankali. Ƙwayoyinsa su farfashe, abin da ke cikinsu ya fito, har da sinadarin ƙarfe. Wannan ƙarfen, in ji shi, yana yi wa ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa irin abin da tsatsa ke yi wa kwanon rufi.

Khairat ta sunkuyar da kai tana share hawaye da gefen hijabi. Mansir kuwa ya gyara zama. Kwana huɗu ana yi masa Turancin asibiti yana gyaɗa kai kawai, sai yau aka zo fagensa.

"Likita, ƙarfe ka ce?"

"Ƙarfe, Malam Mansir. Amma kaɗan ne sosai."

Mansir ya ce kaɗan ɗin ai shi ne aikinsu.

Washegari da hantsi ya zo sanye da babbar rigar da bai taɓa sawa ba sai ranar Sallah. Maganaɗisun yana aljihun ciki. Niyyarsa ya tsaya kusa da kwalbar, ya ɗan goga ta wajen kan, ƙarfen ya taru wuri ɗaya, likita ya kwashe.

Tun a ƙofar ɗakin jarirai aka fara samun matsala. Hannun ƙofar ya riƙe masa riga sai da ya fizge. Ya wuce teburin Sista Selina, babbar nas ɗin ɗakin, almakashinta ya taso ya manne masa a ciki. Bai lura ba. Taku biyu gaba, sandar da ake rataya ledar ƙarin ruwa, mai ƙafafun taya, ta lafe a jikinsa ta biyo shi tana ƙara.

Sista Selina ta sha gabansa kafin ya kai kwalbar. Ta dube shi, ta dubi almakashinta da ke reto a cikinsa.

"Baban bebi, ina za ka kai mana kaya?"

Ya ce shi ma bai gayyace su ba.

Sai da nas biyu suka riƙe sandar ya ja baya sannan suka rabu. Matan da ke shayarwa a kan benci suka yi ta dariya a cikin mayafi. Khairat ma, wadda rabonta da murmushi tun ranar haihuwa, ta kifa kai a bango kafaɗunta suna rawa.

Likita Kwaji bai yi masa faɗa ba, ya dai ce kada abin ya sake kusantar na'urorin ɗakin. Ya fita da shi baranda, ya sa aka kawo ɗan jini a ƙaramar kwalbar gwaji, ya ce ya gwada. Mansir ya kanga maganaɗisun ta sama, ya kanga ta gefe, ya goge shi da riga ya sake. Jini ko motsi. Ya ce tabbas wannan jinin alminiyam ne.

Likitan ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Da ya nutsu ya gaya masa gaskiya: har yanzu babu maganin da ke kwashe wannan ƙarfen, masana suna kan bincike. Jiki yana da nasa masu shara, sai dai na bakwaini ba su yi ƙwari ba. Abin da za su yi shi ne auna kan yarinyar kullum, don tsohon jini yakan toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa kai ya kumbura.

Mansir ya mayar da maganaɗisun aljihu. Ya tambaya ko za ta yi hankali kamar sauran yara. Likitan ya ce tata zubar ba mai yawa ba ce, yana sa rai, amma ba zai rantse ba.

"To ni ba ni da wani amfani ke nan?"

Sista Selina ce ta samo masa aiki. Ta ce ɗumin ƙirjin iyaye yana taimakon bakwaini, kuma Khairat tana bukatar hutu. Aka cire masa babbar riga, aka kwantar masa da jaririyar a ƙirji, aka ɗaure su da zanen Khairat mai furanni ja. Haka yake zama awa biyu kullum, ko tari ba ya yarda ya yi. Ranar suna abokan sana'arsa suka zo barka, suka hango shi ta taga cikin zane. Har yau a kasuwa Maman Saude suke kiransa, don Saude aka raɗa wa jaririyar.

Kan bai kumbura ba. Bayan sati shida aka sallame su. Saude ta yi jinkirin zama, ta yi jinkirin rarrafe, ƙafarta ta hagu tana ɗan ja, duk Talata suna kai ta asibiti a motsa mata ita. Tana shekara ɗaya da wata tara ta miƙe a tsakar gida. Mansir ya durƙusa ya buɗe hannuwa yana kiranta. Ta yi taku huɗu ta wuce shi, ta je ta kama kunnen akuyar maƙwabta. Kwana biyu yana mitar abin.