Hoton Farko a Fim ɗin Hashim

Malam Bamalli ya buɗe bayan kyamarar ɗansa Hashim ranar rabon gado, a tsakar gida, rana tana tsaka. Akwai fim a ciki.

Hashim ɗan farinsa ne. Gyaran rediyo da talabijin yake yi a wani ƙaramin shago kusa da kasuwar Suleja. Tankar mai ta buge shi a kan babur a hanyar Kaduna, wajen Tafa, a 1997, shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito. Ya bar mace, Sakinatu, da 'ya ɗaya, Fiddausi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Bai bar hotonsa ko ɗaya ba.

Malam Bamalli ya hana hoto a gidansa tun yara suna ƙanana. Duk abin da yake da rai ba a ɗaukarsa, ba a rataye shi a bango. Ranar ɗaurin auren Hashim mai hoto ya zo, ya kore shi tun daga zaure. Ba wanda ya yi musu. Ba a musu da shi a gidan.

Amma Hashim yana son kyamara. Wata rana ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, taurari fa? Su ai ba mutum ba ne, ba dabba ba."

Malam Bamalli ya dube shi. Can ya ce, "Je ka."

Da farko Hashim ya sayi 'yar ƙarama ta roba mai filasha, irin wadda ake zuwa biki da ita. Ya ɗaga ta sama ya yi ta dannawa. Da aka wanke, ganyen darbejiya kawai ya fito. Ya kai wa Adebayo, mai shagon hoto a layinsu, haifaffen garin. Adebayo ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Kai, Hashim! Sama za ka haska da tocila?"

Shi ya zaɓa masa kaya. Ya ce sabuwar kyamara ba ta da amfani a wannan aiki, tana gaggawar rufe ido. Ya fito masa da wata tsohuwa ta ƙarfe, mai nauyi, wadda ba ta cin batir. Ita idan ka buɗe idonta sai ta zauna a buɗe har ka sake ta. Ya ba shi gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, gajere mai faɗin baki, ya ce dogon gilashi na masu ɗaukar ƙwallo ne, a sama rawa yake. Ya ba shi wata 'yar waya mai maɓalli a kai, don a danna daga nesa kar hannu ya girgiza kyamara. Fim kuma mai lamba ɗari huɗu, mai saurin shan haske. Ƙafa ukun da ake ɗora kyamara a kai ta yi tsada, sai Hashim ya sa wani mai walda a Bagama ya haɗa masa wata da bututun ƙarfe. Ta yi nauyi, amma iska ba ta motsa ta.

Adebayo ya ce kar ya bar idon a buɗe ya daɗe ƙwarai, don sama tafiya take, taurari za su koma zare-zare. Ya kuma ce masa, "Duk fim ɗin da ka sa, fara ɗaukar wani abu da rana. Ko bango ne. Masu wanki a Kaduna idan suka ga fim ba komai sai ɗige-ɗige, cewa suke ya lalace. Ba su san inda hoto ya fara ba, sai su sa almakashi ta tsakiya. Na farkon nan shi zai nuna musu."

Haka Hashim ya riƙa yi. Ya ɗauki bango, ko randa, ko Dutsen Zuma daga nesa, sannan ya jira yamma. Duk unguwar in an ɗauke wuta tsaki ake yi, shi murna yake. Da tauraruwar ta fito, bayan magariba sai ya ɗaure kayansa a babur ya fita bayan gari inda ba fitila. Tsofaffi a masallaci suna cewa irin wannan tauraruwa ba ta fitowa sai wani babba zai mutu. Malam Bamalli bai tanka musu ba. Bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba.

Ranar da aka kawo gawar, ya duba fuskar sau ɗaya ya mayar da mayafi. Ya karɓi gaisuwa. Ya ci abinci a kan lokaci. Mutane suka ce tsohon nan yana da tawakkali. Shi dai ba ya jin komai, kamar an ɗura masa ruwan sanyi a ƙirji an toshe.

Bayan sadakar arba'in aka kira liman don rabon gado. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da duk abin da marigayi ya bari. Ka'ida ce, ba a yi wa abu kima sai an gan shi ciki da waje. An buɗe akwati. An zazzage jaka. An kunna rediyoyin shago ɗaya bayan ɗaya. Kamaluddeen, ƙanen Hashim, shi yake miƙo kaya. Sakinatu tana takaba, tana zaune a ɗakinta bayan labule, tana jin komai.

Aka zo kan kyamara. Liman ya juya ta ya ce, "Wannan tana aiki kuwa? Me ke cikinta?"

Malam Bamalli ya karɓa. Yana laluben inda ake buɗewa.

Daga bayan labule murya ta fito, ƙasa-ƙasa. "Baba, don Allah kar a buɗe."

Suruka ba ta taɓa yi masa magana a gaban maza ba. Bai waiwaya ba. Ya ja wani ɗan ƙarfe sama, bayan ya buɗe. Ya ga wani abu ruwan ƙasa a miƙe, ya naɗe a gefe ɗaya. Ya nuna wa liman. Liman ya leƙa ya ce to. Malam Bamalli ya rufe. Aka ci gaba da rabo.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, ya zo wucewa ta ƙofarta. Ta gaishe shi daga ciki. Ya tsaya.

"Me ya sa kika ce kar a buɗe?"

"Haske yana ƙona fim ɗin, Baba."

"Taurari ne. Suna nan a sama."

Sannan ta ce, "Na farkon ba taurari ba ne. Baban Fiddausi ne. Ranar da ya sa fim ɗin zai ɗauki randa, na ce ya zauna ya riƙe yarinyar. Ya ce Baba ya hana. Na ce sau ɗaya. Ni na danna wayar."



"Ita ba za ta tuna fuskarsa ba," in ji Sakinatu. "Shi ke nan abin da nake so a gadon."

Ya tafi masallaci. Ya dawo ya zauna a zaure har aka kira isha'i.

Washegari ya naɗe kyamarar a tsohon rawani ya sa a hammata. Bai gaya wa kowa inda za shi ba. Shagon Adebayo yana da hotunan amare da jarirai manne a jikin gilashi. Malam Bamalli ya shekara da shekaru yana wucewa ta nan yana kau da kai. Ya yi sallama ya shiga.

Adebayo ya miƙe. "Baba! Kai ne a shagona? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara." Sai ya ga abin da ke cikin rawanin, dariyar ta tsaya. Ya jawo kujera. "Zauna, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Na buɗe ta."

"Ka buɗe? A ina?"

"Tsakar gida."

"Da rana?"

"Da rana."

Adebayo ya dafe kai. Ya ce wani abu da Yarbanci. "Ka ja fim ɗin waje?"

"Ban ja ba."

"To." Ya ɗauki kyamarar yana juyawa a hankali. "Ka ga, Baba, duk wanda aka ɗauka naɗewa yake a gefen nan, wani kan wani, kamar tabarma. Na ƙarshe suna waje, su sun tafi, kar ma mu yi maganarsu. Na farko yana can ciki. Wani lokaci na waje suna kare shi. Wani lokaci haske yana bi ta gefe ya shiga."

"Na farkon nake so."

"Randa ce ko bango? Na san halin abokina."

"Yaron ne."

Malam Bamalli ba ya faɗin sunan ɗan fari, ko yanzu da ya mutu. Adebayo ya dube shi, ya sunkuyar da kai. Ya shiga ɗakin duhu ya cire fim ɗin. Ya ce mai kala ne, ba ya wanke shi a nan, amma ba zai aika kowa ba, da kansa zai kai Kaduna ya tsaya a kansu.

Malam Bamalli ya koma gida. Kwanakin suka wuce yadda suke wucewa. Damina ta sauka. Fiddausi tana yawo a tsakar gida da kwano a hannu, in ta zo kusa da shi ya ɗauke buta don kar ta zubar. Sakinatu ba ta tambaye shi komai ba. Ta dai ga kyamarar ba ta inda take.

Ranar da Adebayo ya dawo, ya aiko a kira shi. Ya rufe ƙofar shago rabi. Ya ajiye hotuna uku a kan tebur.

Biyu na tauraruwar ne. Sama baƙa, ɗige-ɗige, ita kuma tana gefe da wutsiyarta kamar an shafa alli da yatsa. Gefunan sun yi ja.

Na ukun, tsakar gidansa ce. Ga randa. Ga mutum zaune a kan turmi da shuɗiyar riga, agogo a hannu, ya riƙe yarinya a cinya. Yarinyar ta fito sarai, baki buɗe. Hannuwansa sun fito, har tabon ƙunar dalma a babban yatsa. Daga ƙirji zuwa sama ba komai sai ja da fari, kamar an kunna wuta a wurin.

Malam Bamalli ya daɗe yana kallo.

"Ba a iya goge wannan?"

"Ba datti ba ne, Baba. Babu abin da ke ƙarƙashinsa. Na sa sun buga sau uku, da duhu da haske. Babu."

"To."

Ya fara naɗe rawanin da ya kawo kyamarar a ciki. Adebayo ya yi gyaran murya.

"Akwai abin da muke yi. Ba na son faɗa, amma muna yi. Wani ya mutu ba hoto, ko amarya ta rufe ido. Kamalu ai kamarsu ɗaya da marigayi, har goshin. Ya zo ya sa shuɗiyar riga, in zaunar da shi daidai haka, in ɗauka. In yanke kan in ɗora a nan, in sake ɗaukar duka a baƙi da fari. Wallahi ko kai sai ka duba sau biyu. Yarinya kuwa ba za ta taɓa sani ba."

"Ana yin haka?"

"Kullum. Rabin kakannin da ke rataye a garin nan kan wani ne."

Malam Bamalli ya tattara hotunan ya sa a aljihu. Ya ce, "Gobe zai zo."

Ya bi ta kasuwa ya koma. An gaishe shi a hanya, ya amsa. Ya tarar da gidan shiru, mata sun shiga ɗaki saboda yayyafi. Ya tsaya a ƙofar Sakinatu ya yi gyaran murya. Ya miƙa hotunan ta gefen labule. Hannu ya karɓa.

Ya tsaya yana jiran kuka. Bai ji ba. Sai ƙarar ruwa a kan kwano, da muryar Fiddausi tana cewa a ba ta ta gani.

"Mai hoto ya ce zai gyara," in ji shi. "Kamalu zai je gobe ya zauna. Za a sa kansa a wurin. Ki fito da rigar."

Ya matsa kusa da labulen.

"Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Yarinya za ta samu fuskar da za ta duba. Na gama magana da shi. Ki ba Kamalu rigar da safe."

Labulen bai motsa ba.

"A'a, Baba," in ji Sakinatu. "Ba zan bayar ba."