Tarar Wankan Gawa

Ranar biyan masu tsinkar auduga, Inna Habi ta juya kuɗin da ke tafin hannunta, ta ga ba su kai na dawar da ta sa rai ba. Ta ɗago ta dubi Abdussalami, mai hawasha, wato gonar auduga, da take wa aiki, wanda ta san shi tun yana yawo ba wando.

"Ina sauran?"

"Garama ce, Inna. Tara ke nan. Ranar Talata ba ki zo ba. Haka ake yi a masaƙar Hasahisa, wanda ya yi fashi a yanke mishi."

Wata biyu kacal ya yi a masaƙar aka sallame shi. Abin da ya dawo da shi kalmar garamar nan ce da agogon da ba ya tafiya.

"Talata ina nike?"

"Ba ruwan doka da inda kike."

"Ina gidanku, ina wanke gawar gwaggonka. Kai kana zaure kana shan shayi, kana amsa gaisuwa."

Ya ce wannan aikin lada ne, Allah ke biya. Auduga kuwa shi ke biya.

Habi ta ja mayafi ta nufi wurin Mati, samad ɗin ƙauye mai lura da gonaki. Ta same shi bakin rafin ban ruwa yana goge takalmi. Ta tambaye shi ko gwamnati ta ba mai gona ikon ya zama alƙali, ya ci mutum tara daga guminsa. Mati ya yi tari, ya ce bai taɓa ganin takardar da ta yarda ba, bai kuma ga wadda ta hana ba. Sai dai ta je birnin Madani ta tambaya.

"Kuɗin mota ya fi tarar," in ji ta. "Goge takalminka."

Ba ta je Madani ba. Ta wuce gidan su Abdussalami, inda mata ke zaman makoki har yanzu. Uwarsa, tsohuwa Sakinatu, tana kishingiɗe kan gadon igiya tana jan tasbaha. Habi ta gaishe ta a ladabce, ta zauna, ta ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji.

"Yaya, na zo sallama. Ni ɗaya ke wankan mata a garin ga, kin sani. To ɗanki ya sa wa aikin tara. Ni talaka ce, ban iya biya sau biyu. In taki ta zo ranar aiki, ki yi mini gafara, ina gona. Ko ki daure ki kai Juma'a, ko Abdussalami ya kawo miki mai wanki daga masaƙa."

Tasbahar ta tsaya. Wata mata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"A kira mini shi," in ji Sakinatu.

Ya shigo yana gyara hula. Uwar ba ta tashi ba, ta dai nuna aljihunsa da sandarta. Ya fara bayanin masaƙa, sandar ta matso kusa da hancinsa. Ya zaro kuɗin ya miƙa, idonsa a ƙasa.

Habi ta ƙulle su a bakin zane, ta miƙe.

"Allah shi ja kwana, Yaya. Yanzu kowace rana kika zaɓa, ina nan."