Tukunya Ce Ke Fara Shiga

Tun da takardar ta zo, Saja Tak Byeong-gil ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ninke bargo ya warware, ya sauka ƙasa ya hau, ya tsaya a bakin lungu yana harar jan fentin da masu rusau suka shafa wa gidan hayarsu. Shekararsa saba'in da tara, ya yi yaƙin Vietnam, amma abin da ya rage masa a duniya wani ɗan ɗaki ne a bayan tashar jirgin ƙasa ta Seoul, wanda in ya miƙe hannuwa sai ya taɓa bango biyu. Shi ma a ƙarshen wata, katafila za ta kwashe shi.

Takardar ta ce an ba shi ɗaki a gidan tsofaffin sojoji da ke gefen Incheon. Ya tare ran Juma'a, in ba haka ba a ba na bayansa a layi. Da wani ne da har ya taka rawa. Shi kuwa kalanda ya sauko da ita, ya bi kwanan wata da yatsa, ya ga Juma'ar ta faɗo sha biyu. Kowa a ƙasar ya san ba a ƙaura sai tara da goma ga wata, ko sha tara da ashirin, ranakun da iskar da ke bin masu ƙaura take hawa sama ta bar mutane su sarara. Sau ɗaya ya taɓa yin biris da wannan, shekarar da suka tare a Daejeon, kuma kafin sanyi ya fita matarsa ta kwanta ba ta tashi ba. Likita ya ce hanta ce. To, likita ya faɗi nasa.

Sauƙin abin, na da sun bar wa mutum ƙofa. In ranar ƙaura ba ta yi kyau ba, sai ka kai tukunyar shinkafa da ɗanyar shinkafa a ciki a rana mai kyau, ka ajiye ta a madafa. In ta shiga, kai ka shiga ke nan. Yau kuwa Laraba ce, goma ga wata.

Ya buga wa Eom Hye-ran, ma'aikaciyar da ke kula da gidan tsofaffin sojojin. Ta ce ɗakin bai kammala ba, ya yi haƙuri kwana biyu kacal. Yaran yanzu sun iya cewa kacal. Ya kashe wayar, ya ƙulle tukunya a ƙyalle, ya nufi jirgi.

A cikin jirgin aka tashi aka ba shi kujera, ya zauna tasha ɗaya ya miƙe. Ya koma bakin ƙofa, ya dawo. Tsoro yake ji, ba wani abu ba: tsoron a hana shi shiga, da tsoron abin da zai yi ran Juma'a in an hana shin.

Ba wanda ya hana shi. Ɗakin a buɗe yake, a hawa na biyu, rana ta cika taga. Eom na durƙushe da safar hannu tana jera kaya a kwali: tabarau, takalmin roba, lambar yabo guda biyu, da ƙwayoyin magani da ba a ƙarasa sha ba. Ta ɗago ta gan shi, fuskarta ta faɗi.

"Baba, ai na ce ka bari sai Juma'a."

"Mai kayan nan fa?"

Ta ce ya rasu ran Lahadi, da asuba.

Saja Tak ya ƙanƙame tukunyarsa. Wato ya tsallake ranar banza don ya kawo shinkafarsa ɗakin da gawa ta fita kwana uku da suka wuce. Ya juya. Eom ta biyo shi tana cewa za a wanke, za a sake fenti, har gishiri da jan wake na korar iska za ta watsa da hannunta in yana so. Ta tuna masa cewa in ya ƙi, ba ta da wani ɗakin, kuma layin dogo ne. Ya sani. Ƙafarsa dai ba ta tsaya ba.

A bakin matakala wani tsoho mai sanda ya tare hanya, ya ce sunansa Pyo Man-deok, kofur, ɗakinsa ne na kusa. Ya tambayi Tak wace shekara ya je Vietnam. Da ya ji sittin da takwas, sai ya ɗan sunkuya.

"To Yaya ne, ka riga ni zuwa. Yaya, ka tsallake harsashi, yanzu kuma gadon mamaci kake gudu? A gidan nan ai duk ta wannan hanyar ake samun ɗaki. Ni ma haka na samu nawa, ga ni ina cin kwano biyu."

Tak bai yi dariya ba. Ya tambaya, a daƙile, wa ya tsinci mutumin.

Pyo ya ce shi ne. Kullum da safe ana bi ƙofa ƙofa ana ƙwanƙwasawa kafin karin kumallo, wannan makon kuma layinsa ne. Ya buga sau uku ba amsa, ya kira Eom. Ko yatsun mamacin ba su gama sanyi ba. Su bakwai suka raka shi makwancinsa, da hulunansu na soja.

Saja Tak ya gyara riƙon tukunyarsa. Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce. Ya ce bara maƙwabcinsa ya mutu, katako ɗaya ne tsakaninsu. Kwana sha ɗaya yana jin talabijin ɗin mutumin tana magana, har yana zaginsa a zuci don ya ƙi rage sauti. Wari ne ya sa aka ɓalle ƙofar. Bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma har yau kunyar abin ba ta sake shi ba.

Ya koma bakin ɗakin, ya tuɓe takalmi. Ya miƙa hannuwa ya sa tukunyar ta riga shi tsallake dokin ƙofa, sannan ya bi ta. Eom ta matsar da kwali ta ba shi hanya zuwa madafa.

Bai juyo ba ya ce, "Kofur, ƙarfe nawa ake bugawar?"

"Bakwai, Yaya."

"In ka buga ɗaya ban amsa ba, kada ka jira na uku."